Manyan Itatuwan Duniya da Makomar Manyan Itatuwan Ƙasar Zuru

Gabatarwa

Matafiyin da ya taso daga Kontagora da rani, ya bi ta Rijau ya nufi Zuru, abin da zai fi ɗaukar idonsa bayan duwatsu shi ne itatuwan da ke tsaitsaye ɗaya-ɗaya a cikin gonaki. Ga kuka ta kakkaɓe ganye ta yi tsirara, ga ɗorawa da kaɗanya a tsakanin kunyoyin dawa da aka girbe, ga giginya a bakin fadama, can kuma a gefen gari ga rimi ya yi wa kowa zarra. Wanda ya tashi a cikinsu ba ya ko ɗaga kai ya dube su, domin tun yana goye yake ganinsu. Amma kowane ɗaya daga cikinsu yana da dalilin da ya sa ya kai girman da ya kai, da dalilin da ya sa gatari bai taɓa shi ba.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba itatuwan da suka fi tsawo da girma a duniya, a bayyana abin da ke sa itace ya yi tsawo da abin da ke tsayar da shi, sa'an nan a auna itatuwan ƙasar Zuru da wannan ma'auni. Daga ƙarshe za a tsaya a kan wata matsala da ba a cika lura da ita ba, watau rashin magada ga tsofaffin itatuwa.

Yadda Ake Auna Girman Itace

Kalmar girma a bakin Bahaushe faffaɗa ce, tana ɗaukar tsawo da kauri da shekaru har da daraja. Masana ilimin daji kuwa sun rarrabe. Akwai tsawo, daga gindi zuwa ƙololuwa. Akwai kauri, wanda ake aunawa da zagaya igiyar awo a jikin itacen daidai ƙirjin mutum, wajen mita 1.3 daga ƙasa. Akwai kuma yawan katakon da ke cikin gangar jikin baki ɗaya. Itacen da ya ci gasa a ɗaya daga cikin waɗannan ba lalle ne ya ci a saura ba, shi ya sa duniya ba ta da sarkin itatuwa guda ɗaya.

Ta wajen tsawo, itacen da ke kan gaba a cikin waɗanda aka auna yana jihar Kalifoniya ta Amurka, kusa da gaɓar tekun Pasifik. Irinsa ake kira redwud, ma'ana jan itace, shi kuma an laƙaba masa suna Hyperion. Chris Atkins da Michael Taylor ne suka gano shi a shekarar 2006, Stephen Sillett kuma ya hau har ƙololuwa ya sako igiyar awo ƙasa. Tsawonsa ya kai wajen mita 116, watau ƙafa 380. Domin a gane wannan adadi, Hasumiyar Gobarau ta Katsina tsawonta kimanin mita 15 ne, saboda haka sai an ɗora irinta kusan takwas a kan juna kafin a kai kan wannan itace. An ƙiyasta shekarunsa tsakanin 600 da 800.

Ban da redwud, akwai wasu ire-iren itatuwa 'yan ƙalilan da suka haye mita 100. A shekarar 2023 aka gano wani a wani kwari mai zurfi na yankin Tibet mai mita 102.3. A jihar Sabah ta Malesiya, a tsibirin Borneo, an auna wani a 2019 aka samu mita 100.8, shi ne mafi tsawo da aka sani a ƙasashe masu zafi. A tsibirin Tasmaniya na Ostareliya akwai wani daga dangin itacen turare, irin wanda ake dasawa a gandun daji a Arewacin Nijeriya, wanda aka auna a 2018 aka samu mita 100.5. A Afirka kuwa, mafi tsawo da aka auna yana wani lungu na dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya. Andreas Hemp ne ya bayyana shi a 2016, tsawonsa mita 81.5. Abin sha'awa shi ne wannan itace ɗan gida ɗaya ne da madaci da dogon yaro.

Ta wajen yawan katako, wanda ya fi kowa shi ma yana Kalifoniya, amma a kan tsaunuka, nesa da teku. Irinsa sikoya ne, sunansa Janar Sherman. Tsawonsa mita 83.8 ne kawai, amma faɗin gindinsa ya kai mita 11, kuma shekarunsa sun haura 2,000. Da gangar jikinsa tulu ce, da ta ci lita miliyan ɗaya da dubu 487, watau abin da tankar mai 45 masu cin lita 33,000 za su ɗauka. Ta wajen kauri kuwa, ana ba da tuta ga itacen garin Tule a jihar Oaxaca ta Meziko, wanda kewayen gindinsa ya kai mita 42. Sai mutum 25 ko fiye sun riƙe hannun juna kafin su zagaye shi. A wannan fage na kauri ne Afirka take da ta cewa, domin kukar Sagole da ke lardin Limpopo na Afirka ta Kudu kewayenta ya wuce mita 30, alhali tsawonta bai wuce mita 22 ba.

Abin da Ke Tsayar da Tsawon Itace

Tambayar da ta kamata a yi ita ce, me ya hana itace ya ci gaba da tsawo har abin da hali ya yi? Amsar tana ga ruwa. Itace ba shi da zuciya mai harba ruwa sama kamar yadda zuciyar dabba take harba jini. Abin da ke faruwa shi ne, rana tana busar da laimar da ke cikin ganye ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Duk ɗigon da ya fita sai ya jawo na bayansa, na bayan ya jawo na bayansa, har zuwa saiwa, ta cikin siraran jijiyoyi da ke cikin katako. Ke nan ruwan da ke cikin itace kamar igiyar guga ne da ake ja daga sama. Gwargwadon zurfin rijiya, gwargwadon nauyin da igiya take ɗauka. In jan ya yi tsanani sai iska ta shiga jijiyar, igiyar ruwan ta tsinke, reshen da ke sama ya bushe.

A shekarar 2004 George Koch da abokan aikinsa suka hau dogayen redwud suka auna wannan abu. Sun tarar ganyen ƙololuwa ƙanana ne, a takure, kamar na tsiron hamada, ko da yake gindin itacen yana cikin ƙasa mai dausayi. Daga nan suka ƙiyasta cewa iyakar tsawon da itace zai iya kaiwa yana tsakanin mita 122 da 130. Redwud ya kusanci wannan iyaka ne saboda inda ya samu kansa. Ana ruwa mai yawa da hunturu, da bazara kuma hazo mai ɗauke da laima yana tasowa daga teku ya lulluɓe dajin, ganye ya sha kai tsaye, sauran ya ɗiga a gindi. Ba zafi mai tsanani, ba guguwa mai yawa a cikin kwarin. Bugu da ƙari, itatuwan a cunkushe suke, kowa yana neman hasken rana, wanda ya tsaya kuwa inuwar maƙwabcinsa ta kashe shi. Tsawo a wurinsu tilas ne.

Itatuwan Ƙasar Zuru

In aka juyo ƙasar Zuru, a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, sai a ga al'amarin ya sha bamban. Ruwan sama a shekara wajen milimita 1,000 ne, kuma duk yana sauka ne a cikin wata biyar zuwa shida. Sauran watannin rani ne, da iskar hunturu mai busar da komai, da gobarar daji. Hasken rana kuwa ba a rowarsa, itace ba ya bukatar ya yi tsere da kowa kafin ya same shi. Saboda haka tsawo ba shi da riba a nan, hasara ce ma, tun da kowace mita ƙarin nauyi ce ga igiyar ruwa a lokacin da ƙasa ta bushe. Itatuwan wannan yanki sun zuba ƙarfinsu ne a kan jimiri, watau saiwa mai nisa, da ɓawo mai kauri da wuta ba ta ci da sauƙi, da zubar da ganye in rani ya yi tsanani. Madaci da maje da giginya sukan kai mita 25 zuwa 30 a wuri mai kyau. Rimi a kurmin kudu yana iya kai mita 60, amma a garuruwan Arewa bai cika wuce rabin haka ba. Iri ɗaya ne, ruwan da kowanne ya samu ne ya raba su.

Kuka ce ta fi nuna wannan dabara. Katakonta taushi gare shi kamar soso, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne. Wannan ajiya ce take ba ta damar yin tofo da bazara tun ruwan farko bai sauka ba, ta riga sauran tsirrai cin moriyar damina. Furenta fari ne, da dare yake buɗewa, jemagu ne suke kai ƙwayar haihuwa daga wannan fure zuwa wancan. In aka saɓe ɓawonta domin igiya sai ta sake wani, abin da zai kashe yawancin itatuwa. Taushin katakon nan kuma shi ne garkuwarta, domin ba ya yin azara, ba ya yin gawayi, ba ya yin turmi. Turawa sun san ta ne sosai ta hannun wani Bafaranshe, Michel Adanson, wanda ya sauka Senegal a 1749, da sunansa kuma masana suke kiran danginta. Iri takwas ne a duniya, shida a Madagaska, ɗaya a Ostareliya, ɗaya kuma ita ce kukar da aka sani a faɗin Afirka.

Sanin shekarun kuka yana da wuya, domin zoben da ake ƙirgawa a cikin katakon wasu itatuwa ba ya fitowa sosai a nata. Sai da aka yi amfani da awon sinadarin kabon aka tabbatar akwai kukokin da suka haura shekara 1,000, har wata a Zimbabwe mai suna Panke ta kai wajen 2,450. Awon ya kuma nuna cewa yawancin manyan kukoki gangar jiki da yawa ne suka tsiro a da'ira suka manne da juna, kogon da ake gani a tsakiya kuwa sau da yawa filin da suka bari ne tun asali.

Dalilin Tsayuwarsu

Dajin redwud ya girma ne inda hannun mutum bai kai ba. Manyan itatuwan ƙasar Hausa da maƙwabtanta kuwa a tsakiyar mutane suka girma. Duk ɗorawa ko kaɗanyar da aka gani a gona, wani manomi ne ya zo sassabe ya sare na kewaye da ita ya bar ta, ɗansa ya gada ya bar ta, jikansa ma haka. Ya bar ta ne domin ta biya kuɗin zamanta. Ɗorawa ta ba da kalwa ta daddawa, da gari, da makuba ta daɓe da shafen bango. Kaɗanya ta ba da man kaɗe. Kuka ta ba da miya, da garin 'ya'yanta da ake damawa a nono, har Tarayyar Turai ta amince da shigar da wannan gari kasuwanninta a 2008. Giginya ta ba da muruci da azarar da gara ba ta ci. Rimi ya ba da audugar katifa da matashin kai, a zamanin yaƙi kuma da ita ake cusa lifidin dawaki. Madaci ya ba da magani da katako. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a Jihar Yobe ta yanzu a 1987, mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda shekarunsa suka kai wajen 8,000, daga gungumen dangin madaci aka sassaƙa shi.

Sunayen garuruwa da unguwanni shaida ne a kan wannan zama tare. Kukawa, wadda Shehu Laminu ya kafa a 1814 ta zama babban birnin Barno, daga kuka ta samo suna. Akwai Rimi a Katsina, da Rimin Gado da Ɗorayi a Kano, da Unguwar Rimi a Kaduna, da Giginya da Gawon Nama a Sakkwato. Bahaushe ya yi wa rimi kirari da adon gari, da ya rasa abin da zai kwatanta Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello da shi kuwa sai ya ce Gamji. Masu binciken tarihi ma in suka ga tarin kukoki a daji sukan tsaya su duba, domin galibi alamar kufai ce.

A ƙasar Zuru akwai ƙarin wata kariya. Lelna, waɗanda Hausawa suke kira Dakarkari, da maƙwabtansu irin su Fakkawa da Dukkawa da Kambari, suna da wurare na al'ada da ba a sara a cikinsu. Sananne a ciki shi ne Girmache a Zuru, kurmi mai duhuwar itatuwa da ruwa da kadoji. Ko mene ne ra'ayin mutum game da asalin irin wannan hani, amfaninsa ga daji a fili yake: wurin da aka hana gatari shiga shi ne ke nuna irin girman da itatuwan yanki za su iya kaiwa in an ƙyale su.

Halin da Ake Ciki

Manyan itatuwa suna cikin hatsari ko'ina a duniya. Dajin redwud na asali, tun daga lokacin da masu neman zinariya suka kwarara Kalifoniya wajen 1850, an sare shi har abin da ya rage bai wuce kashi biyar cikin ɗari ba. Shi kansa Hyperion ya tsira ne domin an faɗaɗa gandun da yake ciki a 1978, masu sara suna dab da isa gare shi. A 2022 sai da hukuma ta hana zuwa gindinsa, da tarar dala 5,000, saboda sawun masu kallo yana lalata ƙasar da saiwarsa take ciki. Gobarar 2020 ta kashe tsakanin kashi 10 da 14 cikin ɗari na manyan sikoya, a 2021 kuma sai da aka naɗe gindin Janar Sherman da mayafin da wuta ba ta ci. A Afirka, Adrian Patrut da abokan aikinsa sun bayyana a 2018 cewa a cikin shekara 12, tara daga cikin kukoki 13 mafi tsufa, da biyar daga cikin shida mafi girma, sun mutu ko kuwa tsofaffin sassansu sun rushe. Dukansu a kudancin Afirka suke, ana kuma zargin ƙaruwar zafi da fari. Shahararren rimin nan na tsakiyar Freetown a Saliyo ma iska ta kayar da shi a watan Mayu na 2023.

A Arewacin Nijeriya sara ne a kan gaba. Kirya ta daɗe tana ƙarewa a hannun masu gawayi, yanzu har kaɗanya ba ta tsira ba. Zarto mai inji yana gama wa madacin shekara ɗari aiki kafin azahar. Madobiya kuwa an yi ta lodinta zuwa Sin, musamman daga Taraba, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018.

Amma akwai ciwon da ya fi sara ɓoyuwa. Wanda ya shiga gonakin da aka daɗe ana nomawa ya ƙirga zai ga tsofaffin ɗorawa da kuka da kaɗanya, amma da ƙyar zai ga 'yan matasa masu kaurin cinya. Dalilan sanannu ne. A da ana barin gona ta huta shekaru, a cikin saurar nan ne 'ya'yan itatuwa suke samun tasowa. Yau mutane sun yi yawa, hutun ya gajarta ko ya ƙare. Garmar shanu da ta tarakta suna tumɓuke tsiro, awaki suna cinye wanda ya saura, wutar rani ta ƙarasa. Ana tsince kalwa da 'ya'yan kaɗe kakaf, kukar da ake yi wa aski kowace shekara domin miya kuma ba ta samun yin fure sosai. An ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, to yanzu jifan ya kai inda ba a bar ɗan da zai gaje ta ba. Gona mai manyan itatuwa goma ba ƙarami ko ɗaya kamar gari ne mai dattawa ba yara. Ido yana ganinsa cike, alhali ya kama hanyar zama kufai.

Hasarar ba ƙarama ba ce, domin babban itace ɗaya ba a musanya shi da ƙanana ɗari. Wani bincike da aka buga a 2014, wanda ya shafi iri 403, ya nuna yawancin itatuwa suna ƙara yawan katakon da suke tarawa a shekara gwargwadon yadda suke girma. Wani na 2018 kuma ya nuna kashi ɗaya cikin ɗari na itatuwa mafi kauri suna riƙe da kusan rabin nauyin katakon tsofaffin dazuzzuka. Kogon zuma, da masaukin jemagu masu yi wa kuka da ɗorawa barbara, da inuwar kasuwa, duk a jikin manya suke.

Abin da Ya Kamata a Yi

Maganin ba sai an tsallaka teku ba. A jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, inda ruwan sama kusan rabin na Zuru ne, tun daga 1983 aka fara ƙarfafa abin da manoma suke kira sassaben zamani, Tony Rinaudo yana cikin waɗanda suka yaɗa shi. Maimakon a tumɓuke kututturen da ya yi toho, sai manomi ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ya datse saura, ya kiyaye su daga dabbobi. Da yake saiwar tsohuwa ce, girman yana sauri. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram. Abin da ya sa manoma suka karɓa shi ne sun tabbata itacen da suka rena nasu ne.

Kebbi tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, Zuru kuma ta samu Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020. Zai kyautu jami'ar, tare da masarauta da ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba, su buɗe kundin manyan itatuwa, a rubuta irin kowanne da wurinsa da mai shi da tarihin da dattawa suka sani a kansa. Aikin bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Kauri igiya ce kawai. Tsawo kuwa, a kafa sanda mai mita ɗaya a rana a auna inuwarta, sa'an nan a auna inuwar itacen a lokaci guda. In inuwar sanda mita biyu ce, ta itace kuma mita 40, to tsawon itacen mita 20 ne. Itacen da aka rubuta sunansa aka san mai shi ya fi wuyar ɓacewa dare ɗaya. Har wa yau, ya kamata wuraren renon dashe su ba kuka da ɗorawa da madaci da rimi gurbi, kada a tsaya ga dogon yaro kaɗai, wanda baƙo ne da aka shigo da shi Barno a 1928.

Kammalawa

Ƙasar Zuru ba za ta fitar da itace mai mita 100 ba, ruwanta da raninta ba su yarda da haka ba. Abin da take iya fitarwa shi ne kuka mai shekara ɗaruruwa da ɗorawa mai ciyar da gida uku a jere, kuma abin da waɗannan suke bukata lokaci ne, wanda ba a sayensa a kasuwa. Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Jama'ar da ta san golmo, inda saurayi yake yin shekara bakwai yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, ba ta bukatar a koya mata haƙurin jira. Kowace kuka da ake zama a gindinta yau a Dabai ko Riba ko Mahuta, akwai ranar da tsawonta bai wuce gwiwa ba, wani manomi ya zo da fartanya ya kauce mata.